Rabin Tanki a Bakin Falgore

Duk magidancin Kano da ya sayi Sienna, abu biyu ne suka ja shi: kujeru da wurin kaya. Mota ce da za ta kwashi mutum bakwai ko takwas, da kulolin abinci, da akwatunan biki, har da buhun masara a dawowa, ba tare da an matse kowa ba. Abin da dillali ba ya son a daɗe a kansa shi ne cikinta. Injin irin tawa mai fulogi shida ne, kuma a jihar Indiyana ta Amurka ake ƙera ta, domin titunan da mutum zai yi awa uku bai taka birki ba. Tawa ƙirar 2011 ce, ta Kwatano ta shigo kamar yawancin 'yan uwanta. Littafinta ya ce tankin yana cin galan 20, galan ɗin Amurka wanda bai cika lita 4 ba. Wato lita 76 ke nan idan an cika ta.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna irin wannan mota ta ce tana yin mil 18 da galan ɗaya a cikin gari, mil 24 a babban titi. In aka mayar da shi lissafinmu, kusan kilomita 7 da rabi ke nan a lita ɗaya cikin gari, kilomita 10 a kan hanya. A takarda, tanki ɗaya zai wuce kilomita 750. Daga Kano zuwa Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, kusan kilomita 200 ne, don haka mai bin takarda zai ce a je a dawo, har a kusa maimaita tafiyar, ba a leƙa gidan mai ba. Na san magidanta da yawa da ke tuƙi da wannan lissafi a ka, kuma shi ne yake tsayar da mata da yara a gefen titi da tsakar rana.

Ɗaurin auren 'yar ƙanwar mahaifiyata Hajiya ne ya ɗauke mu zuwa wani ƙauye da ke kusa da Riruwai, bayan kaka, hunturu ya fara busawa. Hajiya tana kujerar tsakiya da mai ɗakina, Kawu a gaba kusa da ni, yara da ƙanwata a can baya. Kayan gudummawa sun cika but, ragowar aka ɗaure a saman mota. Tafiya da Hajiya kuwa ba miƙewa ake yi ba. Akwai gaisuwa a Bebeji, akwai ta'aziyya a Kiru, kuma babu wadda za a tsallake.

A gidan mai na titin Zariya yaron da ke zubawa ya leƙo ya ce, "Alhaji, na nawa?"

Na ce, "Cika ta."

Sai da ya sake tambaya. Ban ga laifinsa ba. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, dubu goma sha biyar tana cika wannan tanki. Kafin shekarar 2024 ta ƙare, lita ta haura naira 1,000, cikon tanki ɗaya ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a shekarar. Tun daga nan mutane suka daina sayen mai da lita, suka koma "zuba na dubu goma". Abin da ya dame ni da wannan shi ne direba ya rasa sanin motarsa. Kuɗin yana nan yadda yake a baki, litar da yake saye tana sauyawa, allura kuma kullum tana wasa a ƙasan kwata. Wanda bai taɓa cika tanki ba, ba shi da hanyar gane abin da motarsa ke ci.

Kawu ya yi shekaru yana jan babbar mota kafin ido ya ajiye shi, shi ya tsaya a kan yaron. Da bakin famfo ya ƙatsa da kansa, yaron zai ƙara matsawa don kuɗin ya cika, Kawu ya ɗaga hannu ya ce a bar shi haka. Ya juyo ya ce mini, "Mayar da ƙaramar mitar nan sifili. Duk inda muka sake cikawa, a nan za mu san gaskiyarta." Mitar da mil take ƙirga, kamar sauran motocin Amurka, sai an ninka da 1.6 kafin a sami kilomita. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, su ce motarsu shan mai gare ta fiye da kima, alhali tafiyar da suka yi ta fi abin da suka karanta.

Daga Kura zuwa Ciromawa titin ya yi kyau tun da aka sake gina shi, kuma kyan titi yana ruɗar ƙafa. Gonakin Kadawa suna shimfiɗe a gefe, ruwan madatsar Tiga yana bin magudanai zuwa cikinsu, aikin da aka yi tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, har yau shi ke ciyar da wannan yanki. A Kwanar Gafan an fara jibge kwandunan tumatir. Motoci suna ta wuce mu da gudun 130 da 140. Na tsaya a kan 90 zuwa 100, domin mota mai faɗin goshi irin wannan, ga kaya a ka, duk abin da aka ƙara a kan haka iska ake saya wa mai.

Bebeji gari ne da ya san lissafin tafiya tun kafin a san fetur. A nan aka haifi Alhassan Dantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Madugun ayari ba ya barin zango sai ya san inda rijiya ta gaba take, da inda jakuna za su sami ci, da dajin da ba a yarda dare ya riski mutum a ciki ba. Guzurin da ke cikin mangala ba shi kaɗai ne ke yanke tsawon tafiyar yini ba. Direban iyali a kudancin Kano aikin madugu yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Hajiya ta ce minti biyar za ta yi a gidan da muka tsaya. Yara suka ce a bar musu esi. Na kashe mota na buɗe ƙofofi, muka koma gindin darbejiya. Injin irin wannan, in aka bar shi yana aiki a tsaye da esi, yana ƙone fiye da lita ɗaya a awa, mita kuwa ba ta motsa ko kaɗan. A tafiyar zumunci da ake tsayawa gida-gida, wannan ɓarna ce da ba ta bayyana sai a ƙarshe. Sai da aka kawo fura, aka yi azahar, sannan Hajiya ta fito.

Gidan ta'aziyyar yana wajen garin Kiru, ta hanyar burji mai yashi da tsallaken kwalbati. Giya ɗaya da biyu muka yi ta ja, ƙura tana bin mu. Ba mu daɗe ba. Amma a nan na lura da halin allura: tun daga Kano tana manne a sama kamar ba a taɓa man ba, da ta saki kuwa sai ta fara gangarowa da sauri. Haka take a motoci da yawa, saboda siffar tanki da yadda abin awon ke iyo a cikinsa. Rabin farko yana daɗewa a ido, rabi na biyu yana zubewa. Wanda ya ga ya yi tafiya mai nisa allura ba ta kai rabi ba, ya ɗauka sauran rabin zai ba shi daidai wannan nisan, ya yi wa kansa lissafin da ba zai fita ba.

A Kwanar Ɗangora hanya ta rabu. Mai zuwa Zariya ya miƙe, mai zuwa Jos ya karya hagu ya nufi Tudun Wada. Wuri ne da ba ya barci: masu rake, masu tsire, masu shayi, tireloli a jere, 'yan kamasho suna kiran Saminaka da Jos. Muka tsaya la'asar. A bakin masallaci Kawu ya haɗu da wani dattijon direba mai jan Sharan, motar haya da direbobi ke kira Sharon, suka gaisa irin ta mutanen da suka sha hanya ɗaya. Na gaishe shi na ce, "Baba, yaya dajin yake kwanan nan?"

Ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi. Iyali ne a motar?"

Na ce iyali ne.

"To ka ji, ɗana. Tankina lita 70 ne, na san hanyar nan kamar tsakar gidana, amma ban taɓa shiga Falgore allura tana ƙasa da rabi ba. In ka wuce Tudun Wada, rabi shi ne ƙarshen tankinka. Abin da ke ƙasa da rabi ba naka ba ne, na ranar da mota ta faɗi ta tare hanya ne, ko ranar da ka isa gidan mai ka tarar an saƙale famfo. Kuma kada magariba ta same ka a ciki."

Na yarda da maganarsa ɗari bisa ɗari, kuma lissafi yana bayansa. Fitilar gargaɗi a Sienna tana kamawa ne idan saura kimanin lita 11. Cire wannan daga 76, abin da mutum zai iya dogara da shi lita 65 ne. In motar tana yin kilomita 7 a lita da kaya da ramuka, kilomita 450 ke nan da 'yan kai, ba 750 ba. Zuwa Riruwai da dawowa kaɗai ya kusa cinye su, ba a sa Bebeji da Kiru ba, ba a sa zirga-zirgar biki ba.

Ganin rana ta yi sanyi, muka yanke shawarar kwana a Tudun Wada wurin wani ɗan uwan Kawu. Tudun Wadan Ɗankadai garin shinkafa ne. A wannan lokaci na shekara ko'ina shanya ce, injinan casa suna ta ruri, buntu ya taru tsibi-tsibi a bayan gari, manyan motoci suna lodin buhuna zuwa Dawanau da kudu. Da sassafe Kawu ya ce a zagaya tukuna kafin a zaɓi gidan mai. Ya wuce wani mai sabon fenti wanda babu kowa a ciki, ya nuna wani da 'yan acaɓa da motocin haya suka yi layi. Dalilinsa shi ne mai sayen lita biyu kullum shi ya fi kowa saurin gane famfon da ba ya cika mudu, kuma ba ya komawa. Gurɓataccen mai ma ba tatsuniya ba ne. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata injina, janye shi kuma ya jawo dogayen layuka.

Muka cika har famfo ya ƙatsa. Lita 22 ta shiga, mita tana nuna ƙasa kaɗan da mil 100, wato kilomita 155 ko kusa da haka. Kawu ya raba a ka kafin in buɗe waya: kilomita 7 a lita. Rabin tafiyar a kan lafiyayyen titi muka yi ta, amma motar ta ci abin da takarda ta ce za ta ci a cunkoson gari, har da ɗoriya. Nauyin mutane, kayan saman mota, yashin Kiru da ramukan bayan kwana, kowanne ya karɓi rabonsa. Na sa mai faci ya duba iskar tayoyi, ya tarar na baya sun yi ƙasa, ya ƙara. Taya mai laushi ita ma mai take sha.

Ba a jima da barin Tudun Wada ba gonaki suka fara ja da baya, itatuwa suka matso bakin kwalta. Falgore ke nan. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi, daga baya aka mayar da shi gandun namun daji, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, Kogin Kano kuma ta cikinsa yake bi kafin ya zuba a Tiga. Mutumin birni da ya saba da ƙasar da kowane taku gona ce ko gida, sai ya ji wani iri. Doka da kaɗanya da marke sun rufe gefe biyu, ciyawa ta bushe ta yi ruwan zinariya, a wasu wuraren an ƙone ta baƙi ƙirin. Birai suka tsallaka titi, yara suka yi ta ihu suna nunawa. Can gaba wani yaro Bafulatani ya tsayar da garke a gefe har muka wuce, sanda a kafaɗa. Sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa. Hajiya ta zaro carbi.

Daji ne mai kyau, kuma ina jin takaicin yadda sunansa ya fi tafiya da labarin 'yan fashi da ɓarayin shanu fiye da na itatuwa da namunsa. An yi shekarun da direbobi ke taruwa su shiga a ayari. A 2017 sojoji sun yi atisayen Harbin Kunama II a cikinsa, kuma yanzu ana ganin jami'an tsaro a hanya. Duk da haka ba wuri ba ne da mai iyali zai so ya tsaya yana ɗaga jarka. Mun wuce wata ƙaramar mota a gefe, an buɗe bonet, an jera ganye a kan titi, mata suna zaune a inuwa. Na rage gudu Kawu ya tambaya, suka ce an tafi kawo bakanike, famfon mai ne ya tsaya.

Da muka wuce Kawu ya yi wa yara bayanin abin. Famfon mai a cikin tanki yake zaune, kuma man da ya lulluɓe shi ne yake sanyaya shi. Motar da kullum ake ja da ɗan kaɗan a ƙasa, famfonta a cikin zafi yake aiki, a hawa ko a kwana man ya karkata gefe ya bar shi yana zuƙar iska. Ba ranar zai mutu ba. Zai jira sai an yi lodi an kama doguwar hanya. Tsadar mai ta sa mutane tafiya a kan fitilar gargaɗi wata da watanni, kuɗin da aka ƙi zubawa a tanki kuma a ƙarshe bakanike ne yake karɓa.

Bayan daji ƙasa ta fara tashi. Duwatsun Riruwai suna cikin mafi tsayi a jihar Kano, tun daga nesa suke tare sararin sama. A allon gaban mota akwai lambar da ke nuna saura mil nawa mai ya ƙare, babban ɗana ya sa mata ido. Ya ce, "Baba, mun yi mil biyar, ita ta cire tara." Na ce masa ƙiyasi take yi da irin tuƙin da aka yi a baya, ba ta san akwai dutse a gaba ba. A hawa injin yana sauka giya, ƙararsa tana ƙaruwa, kana jin nauyin motar a ƙafarka.

Riruwai garin kuza ne. An haƙa ta a nan tun zamanin Turawa, daga baya aka yi babban rami na ƙarƙashin ƙasa, aikin ya tsaya a shekarun 1980, lokacin da kasuwar kuza ta faɗi a duniya. Yanzu masara ce ke riƙe da yankin, rumbuna cike, sanyin safiya kuma ya fi na Kano nesa ba kusa ba. A ƙauyen da muka sauka babu gidan mai. Akwai wani saurayi mai tebur a bakin hanya, ya jera fetur a kwalabe da galan-galan, babura suna tsayawa suna shan kwalba ɗaya ko biyu. Ba na cikin masu zagin 'yan bumburutu. In babu su, babur ba zai kai mara lafiya asibiti ba, injin niƙa ba zai tashi ba. Amma kuɗinsu ya fi na gidan mai, domin su ma ɗauko shi suke yi daga nesa, kuma jarkar da ta kwana a rana da ƙura ba a rasa datti ko ɗigon ruwa a gindinta. Babur zai haƙura da wannan. Sienna mai son lita 30 a zama ɗaya, teburin gaba ɗaya ba zai ƙosar da ita ba.

Abin da ba ya shiga lissafin kowa kafin a bar gida shi ne wannan: babbar mota a gidan biki ta kowa ce. An aike ta ɗauko gwaggwanni daga wani ƙauye. An aike ta kasuwa ƙaro shinkafa da mai. Ta kai kayan ɗaki, ta dawo ta kai amarya da ƙawayenta, duk a hanyar dutse da rafi, ba a wuce giya biyu. Ba a cewa a'a, kuma bai kamata a ce ba. A daren walima, wajen ƙarfe ɗaya, aka buga ƙofar ɗakin da muke. Matar wani maƙwabci ce naƙuda ta yi mata tsanani, ungozoma ta ce a tafi asibiti. Mijin yana tsaye da fitila a hannu, ya ce, "Alhaji, don Allah a taimaka, babur ba zai ɗauke ta ba." Muka kwantar da kujerun baya aka shimfiɗa katifa, mata biyu suka shiga da ita. Na kunna mota, allura tana sama da rabi. Kafin asuba ta sauka lafiya, namiji.

Ranar komawa an ɗora mana buhun masara biyu da ƙullin citta da dankali, nauyin ya fi na zuwa, amma gangara ce mafi yawa, motar ta yi sauƙin ci. Mun ratsa Falgore da hantsi. Da muka iso Tudun Wada allura ta sauka ƙasa da rabi sosai, muka koma gidan man nan na 'yan acaɓa. Zirga-zirgar biki da tafiyar asibiti kaɗai sun kusa kai nisan Tudun Wada zuwa Riruwai, kuma su suka fi shan mai a kowace kilomita.

A kan titin Zariya, bayan Kwanar Ɗangora, Hajiya ta fara lissafin waɗanda ba su zo bikin ba. Gidaje huɗu ta ambata daga Kano, duk masu mota, duk sun aiko da gudummawa da ban haƙuri. Ta ce a da ba a haka. Kawu ya ce, "Yaya, ba zumuncin ne ya ragu ba, kuɗin mai ne. Mutum zai zuba albashin wata a tanki?" Ya karɓi biro wurin ƙanwata ya juya bayan katin ɗaurin aure. Akwai wani bikin a Doguwa bayan ƙaramar salla. Ya rubuta lita 80 zuwa da dawowa har da aike-aiken gidan biki, ya raba wa gida huɗu lita 20 kowanne, kowane gida ya ba da mutum biyu, mota ɗaya ta ɗauke su. Ya ce da lita za a rubuta, ba da naira ba, kowa ya biya da farashin ranar. Hajiya ta karɓi katin ta sa a jaka, ta ce ita za ta kira su ɗaya bayan ɗaya.